Tarin 'Yar Kyanwa Ba Kullum Ne Ƙurar Hunturu Ba

Duk wanda ya tashi a Udubo, ko a wani gari na ƙasar Katagum, ya san darajar kyanwa ba sai an faɗa masa ba. Idan kaka ta yi, aka girbe gero da dawa, aka ɗaure dammuna aka jera su a rumbu, aka rore wake, aka cire gyaɗa, to, abin da ya rage aikin mai gadi ne. Mai gadin nan kuwa ba ya karɓar albashi, ba ya neman goron salla, ɗan tuwo da nono ko kan kifi ya ishe shi. Shi ya sa a ƙauyukan Gamawa da Azare idan kyanwar wani gida ta haihu, tun kafin 'ya'yan su buɗe ido maƙwabta sun riga sun kama nasu da baki.

Mutanenmu da suka sauko Kurmi neman abinci ba su bar wannan al'ada a gida ba. Je ka wurin 'yan goro a Shagamu ko Sabon Badun, ko wurin 'yan hatsi da albasa a kasuwar Mile 12 ta Ikko, ko shagunan tireda na Agege da Idi-Araba, da wuya ka rasa kyanwa kwance bisa buhu. Wani ma tun tana 'yar mitsitsiya ya karɓo ta, ya raine ta da madara, domin ya san ɓarnar da ɓera ɗaya ke yi wa sito a dare guda.

To, akwai abin da kan faru wanda ke ɗaure wa masu kyanwa kai. Sai ka ga 'yar kyanwa mai wata biyar ko shida, mai ƙiba da wasa, ta soma tari tana miƙe wuya ƙasa kamar abu ya maƙale mata. Ko kuma kyanwa matashiya wadda ta ci abincinta lafiya da dare, gari ya waye a tarar da ita a sandare. A gida sai a ce ƙurar hunturu ce, ko ta ci ɓera mai guba. A nan Kurmi, inda gida ɗaya ke ɗauke da ƙabila uku ko huɗu, sai zargi ya tashi, a ce wane ne ya sa mata magani don ba ya son kyanwa, zaman lafiyar shekaru ya lalace a kan abin da babu wanda ya gani da idonsa. Alhali kuwa cikin abubuwan da ke kawo irin wannan tari da irin wannan mutuwa akwai wata cuta da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba, watau tsutsar zuciya. Ita za mu duba yau.

MECE CE TSUTSAR ZUCIYA?

Kada mai karatu ya ɗauka irin tsutsar cikin nan ce da mu ke gani a kashin yara ko na dabbobi. Wannan ba a hanji ta ke zama ba. Mazauninta shi ne manyan jijiyoyin da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa huhu, in ta yi yawa kuma har cikin ɓangaren dama na zuciyar kanta. Fara ce, siririya, kamar silin taliya. Dattawan da suka san kurkunu kafin a tabbatar da kawar da shi daga Nijeriya a 2013 za su gane siffarta nan da nan. A jikin kare, tamatar ta kan kai inci 12, watau kusan santimita 30, namijin kuwa wajen rabin haka. Masana suna kiranta Dirofilaria immitis, ma'anarsa da Latinanci mugun zare marar tausayi.

'Yar'uwa ce ga tsutsar da ke sa wa mutane tundurmi da gwaiwa, kuma hanyarsu ɗaya ce, watau sauro. An daɗe da saninta. Tun a 1626 wani Ba'italiye mai suna Francesco Birago ya ba da labarin ganinta a zuciyar karen farauta. A 1856 wani masani a birnin Filadelfiya ta Amurka, Joseph Leidy, ya yi cikakken bayaninta. A 1900 masana biyu a Italiya, Grassi da Noè, suka nuna cewa a cikin sauro ta ke yin wani zango na rayuwarta. Sai a 1921 aka ba da rahoton samunta a jikin kyanwa, a ƙasar Barazil. Yau ana samunta a ƙasashe masu ɗumi na duniya, daga kudancin Amurka zuwa Italiya, Japan, Ostireliya da Afirka. A nan Nijeriya ma likitocin dabbobi sun sami 'ya'yanta a jinin karnukan da aka kai asibiti a wurare irin su Nsukka da Makurɗi.

DAGA KARE ZUWA KYANWA

Asalin gidan wannan tsutsa jikin kare ne da danginsa na daji irin su dila. A jikin kare ta kan yi shekara 5 zuwa 7, kuma kare ɗaya ya kan ɗauki talatin ko fiye, wani ma fiye da ɗari. Can su ke barbara, tamatar ta riƙa zuba 'ya'ya cikin jini, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita.

Sa'ad da macen sauro ta ciji wannan kare, sai ta zuƙi jini tare da 'ya'yan. A cikin saurón su ke rikiɗa har su isa shiga wata dabba, kuma in da ɗumi sosai, kwana 10 zuwa 14 ya ishe su. In sanyi ya sauko ƙasa da awo 14 a ma'aunin zafi, sai girmansu ya tsaya cik har ɗumi ya dawo. Da zarar sun ƙosa, duk dabbar da sauron ya sake ciza, sai su sulale ta ƙofar cizon su shige ƙarƙashin fata. An ƙidaya sauro fiye da iri 60 da ke iya wannan aika-aika, har da wanda ke kawo mana zazzaɓin cizon sauro, da kuma wanda ke ƙyanƙyasa a kwata da masai yana hana mu barci da kuka a kunne.

Abin lura a nan shi ne, kyanwa ba ta ɗaukar cutar ta hanyar cin abinci a kwano ɗaya da kare, ko ta lasa, ko ta nonon uwa. Dole sai ta bi ta cikin sauro. Saboda haka duk inda abu uku suka haɗu, kare mai ɗauke da ita, da sauro, da kyanwa, to, hanya a buɗe ta ke. Ba sai karen gidanka ne ba. Na maƙwabci, ko na 'yan farauta a bayan gari, ko na ruga, ko karen gadin wani attajiri a bayan katangarka a Ikko, duk ɗaya ne, gama sauro bai san iyakar gida ba. Karnuka kuma suna tafiya kamar yadda mu ke tafiya. Daga kasuwar karnuka ta Dawaki a Jihar Filato, alal misali, a kan yi lodinsu zuwa jihohin Kudu.

LISSAFIN WATANNI A UDUBO

Domin abin ya fito sarai, bari mu yi lissafi da kalandar gida. Udubo, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa a arewacin Jihar Bauci, wuri ne mai gajeriyar damina. Ruwa ya kan zauna daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma cikin Agusta ne kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini su ke cika, sauro ya yi yawa har a rasa inda za a sa kai.

Mu ɗauka an haifi 'yar kyanwa a Yuni. Cikin Agusta tana da wata biyu, ta soma yawo a tsakar gida, gashinta bai yi kauri ba, kunnenta da hancinta a fili. Sauron da ya ciji kare mai cutar mako biyu da suka wuce ya cije ta. Babu abin da za a gani. 'Ya'yan tsutsar za su yi kamar wata biyu suna ratsa fata da tsoka suna girma, kana su faɗa jijiya, jini ya kwashe su. Wata uku zuwa huɗu bayan cizon sai su iso jijiyoyin huhu, a lokacin tsawonsu bai wuce inci ɗaya da ɗan wani abu ba.

Ƙidaya da yatsa, mai karatu. Wata uku zuwa huɗu daga Agusta ya kai mu Nuwamba da Disamba. Watau daidai lokacin da hatsi ya shiga rumbu, mata na sussuka da shiƙa ƙaiƙayi na tashi, iskar hunturu ta taso da ƙura. A nan ne 'yar kyanwar za ta soma tari, kuma wa zai zargi sauron da ya ɓace tun watanni? Kowa sai ya ce ƙura ce.

Ga abin da ke faruwa a cikin ƙirjinta. Jikin kyanwa ba gidan tsutsar ba ne, saboda haka ya kan tashi ya yaƙe ta da ƙarfi, yawancin 'ya'yan su mutu da isowarsu. Amma yaƙin nan a cikin huhu a ke yinsa, kuma shi ke kumbura jijiyoyi da hanyoyin iska. Shekaru da yawa likitocin dabbobi a Turai da Amurka suna ɗaukar wannan tari a matsayin asma, sai daga baya bincike ya nuna cewa sau da yawa aikin matattun 'ya'yan tsutsa ne.

In wata ta tsira daga wannan yaƙi, za ta balaga wata 7 zuwa 8 bayan cizon, watau wajen Maris ko Afrilu, cikin zafin bazara. Kyanwa ba ta cika ɗaukar fiye da ɗaya zuwa uku ba. Sai dai zuciyar kyanwa ba ta fi goro guda girma ba, tsutsar kuwa ta kan kai taƙi guda. Tana iya zama shekara 2 zuwa 4, kyanwar na harkokinta kamar ba kome. Ranar da tsutsar ta mutu ita ce ranar haɗari, domin gawarta kan ruguje, jini ya tura gutsattsarin cikin huhu, jiki ya firgita gaba ɗaya. Kyanwoyi da yawa su kan tsallake wannan, amma wasu cikin 'yan mintoci su ke faɗuwa. Wannan ita ce mutuwar farat ɗaya da kan sa a zargi maƙwabci.

A KURMI BABU HUTU

A gida, Allah ya sa mana sauƙi guda. Da kududdufai sun ƙafe, iskar hunturu ta busar da ƙasa, sauro ya kan ragu ƙwarai, sanyin dare kuma ya rage wa tsutsar saurin girma a cikin wanda ya saura. Sai dai a bakin fadama da wuraren noman rani, da gidajen da ruwan wanka ke kwanciya a bayan katanga, nan sauro ba ya ƙarewa.

A Kurmi kuwa labarin dabam ne. Ruwan da ke sauka a Ikko cikin shekara ya ninka na ƙasar Katagum fiye da sau biyu, damina ta fi tsawo, kuma babu sanyin da zai tsayar da tsutsar a cikin sauro. Ga kwatoci a toshe, ga tsofaffin tayoyi, ga gwangwanaye da robobi, ga durom na ajiye ruwa a buɗe a ƙofar kowane ɗaki. Saboda haka lissafin da muka yi na Agusta, a Ikko ko Anaca ko Fatakwal kowane wata Agusta ne. 'Yar kyanwar da aka haifa a Janairu tana cikin haɗari daidai da wadda aka haifa a Yuli.

Wani zai ce, ai tawa ba ta fita, kullum tana cikin shago. Wannan ba katanga ba ce. A binciken da aka yi a Amurka, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kyanwoyin da aka samu da cutar, masu su sun ce ba sa fita waje ko kaɗan. Sauron kwata ɗan cikin ɗaki ne, inda ka ke kwana nan ya ke kwana. Gaskiya ne kyanwa ba ta kamuwa da yawa kamar kare. Ƙididdigar likitoci ta nuna cewa a wuri guda, yawan kamuwar kyanwoyi ya kan zama kamar kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na yawan kamuwar karnukan da ba a yi wa rigakafi. Amma wadda ta kamu, wahalarta ta fi ta kare wuyar sha'ani.

ALAMOMIN DA ZA A DUBA

Na farko shi ne tari, wanda kan zo ya tafi, kyanwar ta durƙusa ta miƙe wuya. Na biyu numfashi da sauri ko da ƙyar, cikinta na shiga yana fita. Na uku amai wanda ba shi da dangantaka da abin da ta ci, yau ta yi, jibi ta sake. Sai kuma rashin cin abinci, rama, da kasala, 'yar kyanwar da ta saba bin igiya da gudu ta koma kwanciya. Wani lokaci tsutsar ta kan ɓace hanya ta nufi ƙwaƙwalwa, sai a ga tangaɗi, ko farfaɗiya, ko makanta.

Abu guda kada a manta da shi. Kyanwa ba ta haki da baki a buɗe kamar kare. Duk ranar da ka ga taka tana numfashi baki buɗe, ko dasashinta ya yi fari ko shuɗi-shuɗi, to, ba abin jira ba ne har gobe. A sa ta cikin kwali mai huda, kada a matse ta, kada a ɗura mata kome, a nufi likitan dabbobi.

Ba kowane tari ne tsutsar zuciya ba. Akwai murar kyanwa mai sa atishawa da kwantsa, akwai tsutsar huhu, akwai tsutsar ciki wadda ke kumbura tumbin 'ya'yan kyanwa, akwai kuma asma ta gaskiya. Rarrabe su aikin likita ne. Kuma a sani, maganin tsutsar ciki da aka saba saye a kemis ba ya taɓa tsutsar zuciya.

GWAJI DA WUYA, MAGANI BABU

A kare, gano cutar ba wuya, ɗigon jini ya isa, ko a ga 'ya'yan a madubi, ko a yi gwajin da ke nuna alamar balagaggiyar tamata. A kyanwa kuwa duk biyun su kan yi ƙarya. 'Ya'yan ba sa cika bayyana a jininta, in sun bayyana ma ba sa daɗewa. In tsutsar namiji ce kaɗai, ko ba ta balaga ba tukuna, gwajin sai ya ce babu. 'Yar kyanwar da ba ta kai wata shida ba ma, tsutsar ba ta isa balaga a jikinta ba, alhali huhunta na iya kasancewa ya riga ya kumbura. Shi ya sa likita kan haɗa da wani gwajin jini mai nuna ko jikin ya taɓa karo da tsutsar, da hoton ƙirji, in akwai hali kuma da na'urar duban zuciya.

Sa'an nan ga babbar magana. Allurar da a ke kashe balagaggiyar tsutsa da ita a jikin kare, mai suna melasomin, ba a yarda a yi wa kyanwa ita ba. Maganin kansa yana yi mata illa, kuma kashe tsutsar gaba ɗaya shi ne ainihin abin da ke jawo mutuwar farat ɗaya. Abin da likita kan yi shi ne ya ba da maganin rage kumburin huhu, irin su firednisolon, da iskar numfashi in abin ya tsananta, ya riƙa duba ta lokaci lokaci har tsutsar ta ƙare kwanakinta da kanta. A wasu manyan asibitocin ƙasashen waje a kan yi aiki a zaro tsutsar, amma wannan ba abin da talaka zai sa rai da shi ba ne.

In an ce rigakafi ya fi magani, a nan maganar ta wuce karin magana, domin maganin ne babu, rigakafin ne kawai a hannu.

YADDA A KE RIGAKAFI

Akwai magunguna da a ke ba kyanwa sau ɗaya a wata, masu kashe 'ya'yan tsutsar tun suna ƙarƙashin fata, kafin su kai huhu. Wani ƙwaya ne da za ta tauna, wani kuma ruwa ne da a ke ɗiga mata a ƙeya inda harshenta ba ya kai. Sunayensu ibamektin, selamektin, moksidektin da milbemisin. Ƙungiyar likitocin Amurka da ke kula da wannan cuta, wadda aka kafa a 1974, ta ba da shawarar a soma tun 'yar kyanwa tana da mako takwas, a ci gaba kowane wata babu fashi. Likita shi zai auna nauyinta ya faɗi wanda ya dace da shekarunta. Wasu daga cikin masu ɗigawa suna kashe ƙuma da tsutsar ciki a lokaci guda, riba biyu ke nan.

Mutanen Sabo a Badun ba su da nisa, asibitin dabbobi na gwamnati yana nan Mokola kusa da su, ga kuma na koyarwa a Jami'ar Badun. Akwai irinsa a Nsukka da Abekuta. A Ikko akwai na gwamnatin jiha da na masu zaman kansu. A Arewa akwai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Maiduguri da Sakkwato, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom wadda ke can tun 1924. Na gida kuwa su fara da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, shi zai nuna musu gaba.

Mai kare shi ma yana da nasa nauyi, gama karensa ne rijiyar da sauro ke ɗiba. Sai dai babban kare ba a fara masa rigakafi sai an gwada jininsa, domin in yana cike da 'ya'yan tsutsa, maganin na iya kayar da shi.

Mun sani ba kowa ke da kuɗin magani kowane wata ba. Wanda ba shi da hali, to, ya yaƙi sauron. Daga ƙwai zuwa sauro mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne, saboda haka duk mako a zubar da ruwan da ya kwanta a taya da gwangwani da kasko, a rufe randa da durom, a yashe kwata ruwa ya wuce. A sa waya a taga. Da magariba a shigar da 'yar kyanwa ɗaki mai waya, kada a bar ta ta kwana kusa da inda kare ke kwana. Wannan ba zai toshe hanya duka ba, amma zai rage, kuma ladarsa har kan 'ya'yanmu, domin sauron nan dai shi ne mai kwantar da su da zazzaɓi.

KURAKURAI UKU MASU KISA

Na farko ya fi shafar mutanenmu, domin mu masu kiwo ne. Wanda ya ji an ambaci ibamektin zai ce, ai na san shi, shi ne allurar da mu ke yi wa shanu da tumaki, ana sayar da ita a kowace kara. Gaskiya ne, maganin ɗaya ne. Asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da Satoshi Omura ya samo a cikin ƙasa a Japan, William Campbell ya gano amfaninta a Amurka, aka fara sayar da shi don dabbobi a 1981, su biyun kuma suka sami lambar Nobel a 2015. Shi ne kuma Mectizan da a ke rabawa kyauta tun 1987 don cutar makantar bakin rafi. Amma duba lissafi. Allurar shanu tana da miligiram 10 a cikin kowane mililita guda. 'Yar kyanwa mai nauyin kilo ɗaya, abin da ta ke bukata a wata miligiram 0.024 ne. Watau mililita ɗaya tak, wanda bai cika ko rubu'in ƙaramin cokali ba, rabon 'ya'yan kyanwa fiye da 400 ne. Babu sirinjin kara da zai iya auna wannan. Wanda ya gwada zai ga 'yar kyanwarsa tana tangaɗi, ƙwayar idonta ta buɗe, ta makance, ta suma. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Na biyu shi ne farasitamol. Mu ya ke yi wa amfani, amma hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar kyanwa, balle ƙarama.

Na uku maganin ƙwari. Kada a shafa wa kyanwa maganin ƙuma da kaska na kare, musamman mai sinadarin fametirin, domin ya kan sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Haka kuma kada a fesa fiya-fiya ko wani maganin sauro a ɗaki a kulle da kyanwa a ciki. A fitar da ita da kwanon abincinta, sai warin ya fita sarai kana ta dawo.

MUTUM FA?

Wannan tambaya dole ta zo, kuma amsarta ita ce kada a ji tsoron kyanwar. Mutum ba ya ɗaukar cutar daga tarinta, ko gashinta, ko yaƙushinta. Kuma tun da 'ya'yan tsutsar ba sa zama a jininta, ba ita ce ke raba wa sauro ba. A kan sami mutum jefi-jefi wanda sauro ya sa wa tsutsar daga kare, amma ba ta balaga a jikin ɗan Adam, ta kan mutu ta bar ɗan ƙululu a huhu wanda sai a hoton ƙirji a ke gani. Saboda haka babu dalilin kai kyanwa mai tari bola, ko a sa yara su jefe ta. Dabbar da ta yi maka gadi tana da hakki a kanka ranar da ta kwanta.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFE MU

Wani zai ce, mutane na fama da kansu, ina ruwanmu da tarin kyanwa? Ruwanmu kuwa yana nan. Ɓera ba hatsi da goro kaɗai ya ke ci ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera a kan abinci ya ke shiga mutane, kuma cikin rani ya fi tashi. A rahotannin Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya na 'yan shekarun nan, jihohin da suka fi yawan masu kamuwa sun haɗa da Ondo da Edo a nan Kudu, da kuma Jihar Bauci a gida. Cikin shawarwarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar don nesanta ɓera da gida, tare da rufe abinci da tsabtace muhalli, har da ajiye kyanwa. Gidan da ya rasa kyanwarsa a Disamba ya rasa mai gadi daidai lokacin da ya fi bukatarsa.

Saboda haka, 'yan'uwa mazauna Kurmi, wanda ke da 'yar kyanwa a shago ko a gida, ya kai ta a auna ta tun tana da wata biyu, ya tambayi likita maganin wata-wata. Wanda kyanwarsa ta mutu farat ɗaya, kafin ya nuna wa maƙwabci yatsa ya kai gawar a buɗe ƙirjin a duba, wataƙila abin da za a gani ya kashe fitina. In kuma ka buga waya gida, ko ka je salla, bayan ka tambayi lafiyar iyali da ta shanu, ka faɗa wa na Udubo da Gamawa da Azare abu biyu: su cike ramukan da ke bayan gida kafin ruwan Agusta, kuma kome tarin 'yar kyanwa, kada wanda ya kusance ta da allurar shanu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, mu da dabbobinmu.